Farar Ƙwayar Ashafa

Safiyyatu ta tsaya a gindin dabinon da kwanon abinci a hannu, ta kasa ɗaga kai, ta kuma kasa tafiya. Can sama mijinta Audi na maƙale da igiya a ƙugu, yana saran nonon dabino yana zuro shi ƙasa a hankali. Shekarunsa sittin da biyu. Duk sanda igiyar ta yi ƙara sai ta ƙanƙame kwanon.

Da ya sauko, ya tsaya yana haki, yana murmushi, ya waiga ko ɗan mai gonar ya gani. Ya gani kuwa. Yana zaune cikin motarsa a inuwa, gilashi a zuge, yana kallon Audi da wasu ƙarti biyu da ya kawo daga ƙasar waje a farkon kaka.

"Dabino goma sha huɗu tun safe," in ji Audi. "Su sha ɗaya ɗaya suka hau."

Ta miƙa masa kwanon. Fuskarsa take kallo. Ta kumbura ta yi zagaye, tana sheƙi, ga tumbi ya fito, alhali damatsansa sun tsotse.

Shekara talatin ke nan da suka taso daga Mai Wurno ta ƙasar Sudan don aikin hajji, suka zo ziyara Madina, suka kasa komawa. Wani dattijo mai gonar dabino a unguwar Ƙurban ya ɗauki Audi, ya yi musu iƙama, wato takardar izinin zama, da sunansa. Bara dattijon ya rasu, ɗansa ya gaji gonar da ma'aikatanta. A shekarar ne kuma gwiwoyin Audi suka fara ƙin naɗuwa, har ya koma yin sallar nafila a zaune. Ya san abin da ke biyo baya. In aiki ya ƙare iƙama ta ƙare, in iƙama ta ƙare sai jirgin ruwa daga Jidda zuwa ƙasar da ba su da ko ɗaki a cikinta. Shi kuwa ba ya da wani buri da ya wuce a binne shi a maƙabartar Baƙi'a.

Sai wani abokin aikinsa ya kai shi wurin wani mai magani, Ashafa. Cikin mako guda Audi ya koma saman dabino.

* * *

Shagon Ashafa na cikin wani lungu a kasuwa. A gaba turare da tasbaha yake sayarwa, ƙwayoyin kuma suna can ƙasan teburi cikin gwangwanin madara. Safiyyatu ta je bayan la'asar, ta jira wasu tsofaffi biyu suka karɓi ƙullinsu suka tafi.

"Ni ce matar Audi na Ƙurban. Na zo in ji abin da ke cikin maganin nan."

"Ahlan, Hajiya. Ai tsufa ba komai ba ne illa tsatsa da ke taruwa a jini. Wannan wanke ta yake yi. Saiwar wani itace ce daga ƙasar Sin, da abincin sarauniyar zuma."

"To me ya sa ba shi da kwali, ba shi da suna?"

"Kwalin ne ke sa tsada. Ni talakawa nake taimako."

"Fuskarsa ta kumbura. Ko bango ya goga sai fatarsa ta yi shuɗi. Ruwa kuwa ba ya isarsa."

"Sabon jini ne ke shiga, Hajiya. Kin taɓa ganin saurayi da ramammiyar fuska?" Ya dubi ƙafarta. "Ke ma na ga kina ɗingishi."

Ta juya ta fita.

A gida ta tarar da Audi yana shafa baƙin rini a gemu, da ɗan madubi a gwiwa. Ta zauna nesa da shi kaɗan, ta kira shi da sunan 'yarsu.

"Abu Zulaiha, ka bar ƙwayar nan."

"In bar ta in hau da me?"

"Mu je mustashfa a duba ka."

"Likita zai rubuta takarda ya ce na tsufa. Takardar kuma hannun wa za ta shiga?" Ya ajiye madubin. "Safiyya, kaka ta ƙare tukuna. Saura sati uku. Wallahi ina gamawa zan bari."

Ta san haka ya ce lokacin gyaran ganye, haka ya ce kafin azumi. Da farko ɗaya yake sha, yanzu uku.

* * *

Ba daga saman dabino ya faɗo ba. Wata safiyar Talata ya sauko lafiya, ya sunkuya zai ɗauki kwando, sai aka ji wani abu ya ce ƙas, ya zauna a ƙasa yana kallon ƙafarsa da ta juya waje.

'Yarsu Zulaiha ta zo asibiti daga gidan mijinta a unguwar Ƙiblatain. A Madina aka haife ta, tana jin Hausa amma Larabci ya fi zama a bakinta, don haka ita ta tsaya tsakanin iyayenta da likitan, wani Bamisire mai furfura. Kwana biyu bayan an karɓi ƙwayar an gwada, ya zo ya ɗaga hoton ƙashin a jikin taga, ya daɗe yana magana.

"Me ya ce?" in ji Safiyyatu.

Zulaiha ta shiga harhaɗa Hausarta. "Duktur ya ce jiki kullum yana rushewa yana gina kansa, ya ummi. In shekaru sun yi yawa, ginin ya rage sauri, rushewar ta fi. Guringuntsin gwiwa ya cinye, ƙashi ya yi sirara. Ya ce wannan ba cuta ba ce, kowa zai same shi, kuma babu ƙwayar da ke mayar da shi baya."

"To ita wannan fa?"

"Babu saiwa a ciki, babu zuma. Kortizon ne, magani mai ƙarfi, ba a shan shi sai da likita. Yana ɓoye ciwo, amma yana cin ƙashi. Ya ce ƙashin Abuya ya zama kamar na ɗan tamanin. Kuma ya sa masa ciwon sukari."

Audi, wanda ke kwance yana kallon rufin ɗaki, ya yi magana a karon farko. "Tambaye shi yaushe zan hau."

Zulaiha ba ta fassara ba. Likitan ya gane ko ba a faɗa masa ba. Ya dafa kafaɗar Audi, ya ce in Allah ya so zai yi tafiya da sanda, ya wuce gado na gaba.

Mijin Zulaiha ya je lungun kasuwa a fusace, ya tarar da shagon a rufe. Maƙwabta suka ce Ashafa ya tafi garin Badr. Wani kuma ya ce a'a, ya gan shi jiya a wata unguwa, tsofaffi sun kewaye shi.

* * *

Ɗan mai gonar bai zo dubiya ba, amma ya aiko da saƙo. Ya ce albarkacin mahaifinsa ba zai soke iƙamar ba, muddin wani daga gidan na yi masa aiki. Akwai wanki da goge-goge a gidansa, bene hawa uku, ana shanya a saman rufi.

Safiyyatu ta yi kwana tara tana hawa da kwandon jiƙaƙƙun kaya. Ran na goma ta zauna a tsakiyar matakala, ta kasa gaba ta kasa baya, har uwargidan ta leƙo daga sama ta dube ta, ta dubi kwandon, ta ce, "Kin gaji ne, ya Hajja? In aikin ya fi ƙarfinki ki faɗa." Safiyyatu ta ce a'a, takalminta ne ya zame.

Washegari da hantsi ya kusa, ta gama ba Audi kunu, ta gyara masa matashi. Rinin gemunsa ya zube, fari ya fito tas. Ya juya fuskarsa bango. Ta gwada miƙewa, gwiwarta ta ƙi, sai da ta dafa gado.

Ragowar ƙullin ƙwayar na cikin gwangwanin shayi a kan kantar ɗaki. Ta ce za ta zubar tun ranar da suka dawo daga asibiti. Ta sauko da shi, murfin ya yi ƙara. Kafaɗar Audi ta motsa, ya san ƙarar, amma bai juyo ba.

Ta ɗora ɗaya a tafin hannu, ta sa farce ta raba ta biyu. Ta mayar da rabi, ta kora rabin da sauran kununsa, sannan ta zauna a bakin gado da mayafi a cinya, tana jira ciwon ya lafa ta tafi aiki.