Tashar Mode

Ana saura 'yan watanni a yi zaɓe na biyu na mulkin farar hula, wani injiniya mai suna Isa ya sauka garinmu, Tungar Marke, da farar mota da wani babban hoto a naɗe. Garinmu yana tsakanin Boɗinga da Shagari, can bayan titi, kuma kafin ranar ba mai zuwa mana da mota sai masu allurar shanu.

Ya warware hoton a ƙofar Maigari. Wani ɗan jirgin ƙasa ne kore, ba hayaƙi, an ɗaura masa waya a ka. Ya ce sunansa tarago mai lantarki, irinsa ne ke zagaya unguwannin manyan biranen duniya. Zai tashi daga Sakkwato, ya bi ta Boɗinga, ya tsaya Shagari. Wai mutum zai karya kumallo a gidansa, ya sayar da albasa a birni, ya dawo kafin azahar. Wai mu ma mun kusa zama unguwar Sakkwato. A lokacin ko sabulun wanki sai an yi layi a samu, amma muka tsaya baki buɗe muna kallon takarda.

Layin duk gefen titi zai bi, in ji shi, sai wuri ɗaya da zai karkato ya taɓa garinmu. Wurin kuwa gonar Mode ce, wadda ta shimfiɗe daga bayan gari har bakin kwalta. Ita kaɗai ya gada, da ita yake ci da iyalinsa. Mode mutum ne mai son a san da shi, Isa kuma ya karance shi tun daga gaisuwa. Ya dafa kafaɗarsa ya ce a nan za a kafa wurin tsayawa, kuma Tashar Mode za a rubuta a allon. Sharaɗi ɗaya ne: kada a shuka komai tsakanin jajayen turakun da za a kafa.

Ɗahiru, ɗan ƙanin mahaifin Mode, yana gefe yana saurare. Tun rabon gado ba sa ga maciji, don shi tudu mai tsakuwa ya samu.

"Kai Mode," ya ce, "garin da ko ƙwai guda na wuta babu, mi za ya ja wanga abu? Ko jakkaina za ka ara?"

"Hassada ta ka cinka," in ji Mode. "Ranad da yaz zo, ka biya kamak kowa."

Katafila ta zo ta keta gonar tsakiya, ta tumɓuke gawon da uban Mode ya bari, ta daddaɓe ƙasa ta miƙe sak. Daga nan ta hau bayan babbar mota ta tafi. Ba mu ƙara ganin Isa ba sai a jikin takardun neman ƙuri'a.

Damina ta faɗi, Mode bai shuka tsakiyar ba. Matarsa Ramatu ta yi magana har ta gaji. "Malam, nan a mai albarka cikin gonag ga. Ka zuba ko wake na, in sun zo su tuge." Ya ce ba zai ji kunya gaban gwamnati ba.

To ga abin da ba ya cikin hoton Isa. Tsohuwar hanyarmu zuwa titi zagaye take yi ta bayan kwari, ga yashi ga nisa. Yanzu kuwa ga fili a miƙe, a daddaɓe, ba kowa a kai. Ɗahiru ne ya fara kora jakunansa ta ciki da kayan albasa, yana waƙa. Mata masu tallan nono suka bi. Masu kekuna suka bi. In an yi ruwa tsakiya ta caɓe, sai a raɓa gefe, a taka gero. Akuya kuma ba ta san turke ja ba. Mode yana gani yana haɗiye rai, yana cewa da zarar an shimfiɗa ƙarfe kowa zai shiga taitayinsa.

Ruwa ya ɗauke da wuri a shekarar. Abin da Mode ya girbe bai kai rabin rumbu ba. Ƙarshen shekara soja suka karɓi mulki, maganar tarago ta bi ruwa, yara suka cire turakun, mata suka hura wuta da su. Sunan dai ya zauna. Direbobin motar Shagari sai ka ji yaransu na kira, "Akwai mai sauka Tashar Mode?" Ana dariya, shi kuwa abin na cinsa kamar gara.

Da bazara ta kawo jiki Mode ya tafi wurin Maigari.

"Ranka shi daɗe, gonata nika so. Yunwa ta shiga gidana."

Ɗahiru ya riga shi zuwa, da mutane a bayansa. "Hanya ta, ranka shi daɗe. Ba mu munka buɗe ta ba, shi da bakinai yab ba da."

Maigari ba ya son ɓata wa kowa, musamman masu yawa. Ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya yanke: Mode ya shuka, ya tsare abinsa. In gero ya tashi ba a keta shi ba, wuri ya koma gona. In jama'a suka sake bi, to hanya ce har abada, kada wanda ya ƙara kawo masa zancen.

Ruwan farko na sauka Mode ya shuka. Ya sare ƙaya ya toshe bakin nan da bakin can, ya kafa 'yar rumfa, ya tare a ciki da sanda. Ramatu ke aiko masa da fura. Ya mai da masu nono, ya mai da masu kekuna, ya fasa wa wani jaki baki. Gari kuma ya juya masa baya gaba ɗaya. Aka daina yi masa sallama, a masallaci sai a bar gurbi tsakaninsa da na kusa. Ni kaina na zage shi ranar da na zagaya ta kwari da buhu a ka, ko da yake na san gaskiya tasa ce. Haushin mai gaskiya ya fi ciwo in kai ne ke shan wahalar.

Geron ya tsiro, ya yi kore shar, ya kusa kai tsawon tafin hannu. Da an ƙara ɗan lokaci da ya fi ƙarfin ƙafa.

Wata safiya Malam Muhammadu ya rasu, tsohon da ya koya wa rabin garin karatu, har da Mode. Ba wanda ya aika wa Mode. Aka yi wanka, aka yi salla a ƙofar gida, aka ɗauki makara. Maƙabartarmu tana ƙetaren titi, kuma tun kakanni ta tsohuwar hanya ake kai gawa. Amma Ɗahiru ne ya kama gaban makarar, da aka zo mararraba sai ya karkata hagu, wajen gonar Mode. Kowa ya gani, kowa ya bi.

Mode ya hango taro ya miƙe da sanda. Da suka matso ya ga abin da ke kafaɗunsu, sai hannunsa ya sauka. Suka tsaya dab da ƙayar.

"Wa na?" ya tambaya.

"Malam na," in ji Ɗahiru. "Ya cika da asuba. Rana na yi, Mode, ka san ba a tsai da gawa." Ya ɗan sassauta kafaɗa, yana dubansa ido cikin ido. "Kahwaɗata ta gaji. Zo karɓi malaminka."

Mode ya dubi geronsa, ya dubi likkafanin. Ya san sarai abin da aka shirya masa, mu ma mun sani, kuma ban taɓa jin ƙyamar garinmu kamar wannan lokaci ba. Amma wane Musulmi ne za a miƙa wa makarar malaminsa ya ce a'a?

Ya ajiye sandar. Da hannunsa ya janye ƙayar, tana tsaga masa yatsu. Ya sa kafaɗa inda Ɗahiru ya cire tasa. Makara ba ta tafiya a karkace, kuma na gaba ba ya zaɓen inda zai sa ƙafa, don haka shi ya fara taka geron, layi bayan layi, hawaye na zuba masa yana salati. Mu kuma muka biyo shi a baya, gari guda, har bakin kwalta.