Likita Bai Amsa Ba

Tana tsaye a kan kujera da allurai uku a baki, tana fama da labulen da ta ɗinka wa maƙwabcinta Saje a ɗakinsa, sai muryar matuƙiya ta fito daga ƙaramar sifikar da ke kan tebur ta soma kiran suna. Maharbi ya ce yana nan. Makaniki ma ya amsa, bakinsa cike da abinci. Da aka zo kan likita, Saje ya gyara zama, ya yi gyaran murya kamar zai yi wa bataliya jawabi.

"Ina nan."

Ƙa'idarsu ke nan. Ba a tashi sai kowa ya amsa, ba a kuma rabuwa sai an sake kira. Jirgin nasu a cikin kwamfuta yake, wasa ne da su huɗu ke yi ta intanet duk Asabar da yamma, kowa daga garinsu, ba wanda ya taɓa ganin fuskar wani. Matuƙiya ce ke jan su tsakanin taurari, maharbi na tsaron baya, makaniki na toshe duk inda aka ɓula, shi kuma Saje yana bin wanda ya faɗi ya tashe shi.

Ƙofarta na kallon tasa a hawa na uku. Tela ce, shi ya sa ya raɗa mata Mai Zare, har 'yan jirgin suka ɗauka a bakinsa. Da farko dariya take masa, tana cewa tsofai-tsofai da shi ya rasa abin yi sai wasan jikoki. Sai ya ce ta bar shi ya more. Shekara talatin ya yi yana koya wa sojoji yadda ake tsayar da jini ana ruwan harsashi, kuma a duk waɗanda ya rasa babu ko ɗaya da ya tashi don an danna maɓalli. A nan kuwa suna tashi.

Sai dai tsohon bai san wasa ba ko a wasan. Maharbi zai faɗi yana ihun a zo a cece shi, Saje ya laɓe abinsa sai wuta ta lafa, wai likitan da ya ruga cikin harbi majinyaci na biyu ne. Sun sha mita har sun haddace karatunsa: ka fara gaya wa wanda ya faɗi kana nan, ka rubuta lokaci ko a fatar hannunka ce, sannan hannu ya kama aiki.

Mai Zare ma ta haddace, amma ita da dalili. Shekara shida da suka wuce mijinta ya yanke jiki ya faɗi a bakin ƙofar ɗakin girki, ita kuma ta tsaya da faranti a hannu kamar an dasa ta, har maƙwabta suka shigo. Tun daga ranar take jin haushin hannuwanta. Wata rana a kan matakala ta gaya wa Saje, ba ta ma san abin da ya kai ta ba. Bai ce mata ta yi haƙuri ba. Washegari ya buga ƙofarta da matashin kujera a hammata, ya sa ta durƙusa ta haɗa tafukanta a tsakiyarsa, ta miƙe gwiwar hannu, ta danna sau talatin, yadda ake danna ƙirjin wanda zuciyarsa ta tsaya. Matashin ya ga ta kansa a watannin nan. Duk da haka tsoronta bai gushe ba, don ta san matashi ba ya da fuska.

Ta samu ta maƙala rabin labulen. Shuɗi ne, rana kuma ta karkato daidai tagar, sai ɗakin ya rine gaba ɗaya, bango da kofin shayi da furfurar Saje, har ya zamana ba ka bambance inda allon kwamfuta ya ƙare da inda ɗakin ya soma. A allon wata duniya mai zobe na juyawa a hankali. Ƙura na yawo cikin hasken. Mai Zare ta ji kamar benen ne ya saki ƙasa, yana tafiya da su shiru.

Maharbi ya yi kukan an harbe shi. Saje bai motsa ba, sai makaniki ya tuntsire da dariya, ya ce ga shi nan ya sake laɓewa.

"Likita, wuta ta lafa," in ji matuƙiya. "Likita?"

Mai Zare ta waiwaya. Kansa ya langaɓe, hannunsa na hagu na reto, jikinsa na zamewa daga kujera sannu-sannu har ya kai ƙasa.

Hannuwanta suka mutu a jikin labulen. Ta ji sanyin farantin nan a yatsunta, ta ji ƙamshin girkin ranar. Ba ta san tsawon lokacin da ta ɗauka a haka ba, wataƙila numfashi biyu ne. Matuƙiya ta sake kira, wannan karon ba da muryar wasa ba. Mai Zare ta tofar da alluran ta sauko.

"Baba, ina nan."

Ba ya numfashi. Ta dubi agogon bango, ta zaro allin ɗinki daga aljihu ta rubuta huɗu da minti goma a wuyan hannunta. Ta gaya wa sifikar abin da ya faru. Matuƙiya ta ce mata ta kira motar asibiti ta ajiye wayar a ƙasa, ta yi hakan, ta faɗi titi da hawa. Sannan ta haɗa tafukanta a ƙirjinsa. Ya fi matashin kujerar tauri, ya kuma fi shi ɗumi.

Makaniki ne ya soma ƙirga mata. Ɗaya, biyu, uku, ba gaggawa ba jinkiri, daidai yadda tsohon ya sha buga musu a tebur suna gunaguni. Da muryarsa ta shaƙe maharbi ya karɓa, daga shi sai matuƙiya. Mutum uku a garuruwa uku suna ƙirga talatin suna komowa ɗaya. An saki tuƙi, jirgin na tafiya shi kaɗai, taurari na wucewa ta gefen idonta. Kafaɗunta suka yi zafi, gumi na ɗiga a rigarsa, ba ta tsaya ba.

Ma'aikatan asibiti biyu suka hawo suna haki. Babbar cikinsu ta tambayi tun yaushe ya faɗi. Mai Zare ta miƙa mata wuyan hannunta. Matar ta karanta, ta dube ta da kyau, sannan suka karɓi aikin. Sun daɗe a kansa da na'urarsu. Daga baya matar ta dafa hannun abokin aikinta, ya dakata.

"Rai ya yi halinsa, 'yar'uwa," ta ce. "Duk abin da ake yi kin yi. Ko ni ce a ɗakin, iyakar abin da zan yi ke nan."

Aka sauka da shi. Mai Zare ta kira 'yarsa da ke wani gari, ta zauna a kan matakala ta yi kuka tare da ita a waya, kuka mai yawa, rabinsa na yau rabinsa na shekara shida. Rana na dab da faɗuwa ta koma don ta kulle masa ƙofa, sai ta ga ƙaramar fitilar sifikar na nan a kunne. Ashe ba wanda ya tafi.

Sun ji komai, ba sai ta maimaita ba. Maharbi na jan hanci. Makaniki ya yi masa addu'a, suka ce amin. Sai matuƙiya ta ce ba su taɓa rabuwa ba tare da kira ba. Ta kira maharbi, ya amsa. Ta kira makaniki, ya amsa. Ta kira likita, suka jira tsawon lokacin da yakan ɗauka yana gyaran murya, suka ƙara kaɗan.

"Mai Zare?"

Ta dubi hannuwanta. Allin ya ɗan goge da gumi, amma ana iya karantawa.

"Ina nan," ta ce.

A allon, ɗan likitan da Saje ke wasa da shi, mai fararen kaya, na tsaye a bayan ƙofar jirgi da akwatin magani a hannu. Ta tsince allurai ukun daga ƙasa, ta hau kujera, ta maƙala sauran rabin labulen.