Jar Fitilar Banɗakin Baba Direba

"Fitilar kawai nake so ta riƙa kamawa," in ji Baba Direba. "Zancen ruwa ka bar ni da shi."

Injiniya na tsaye kan kujera a banɗaki, murfin hitar ɗumama ruwan wanka a hannunsa. Ba injiniyan boko ba ne, mai gyaran wuta ne da ke zaune a ɗakin ƙasa, 'yan gidan hayar suka laƙaba masa sunan har ya bi shi. Ya leƙa cikin tankin, ya girgiza kai. Ƙarfen da ke ɗumama ruwa ya ruɓe, gindin tankin ya yi tsatsa yana tsiyaya. Ya ce wannan ta wuce gyara, sai dai sabuwa. Baba ya ce ya sani, shi ya sa bai ambaci gyara ba. 'Yar jar fitilar nan mai nuna hita na aiki, ita za a ja wa waya, in an danna makunni ta haska. Ladan aikin kuwa akwatin sifanunsa ne, da jak ɗin da ya tsufa da shi a babbar mota. Sharaɗi ɗaya, kada 'yarsa ta ji.

Injiniya ya daɗe da sa wa akwatin nan ido. Kafin shayin da aka zuba masa ya huce ya gama aikin.

'Yar ce ta sayi hitar, shekarar da ɓarin jikin mahaifiyarta ya shanye. Aure ya kai ta wani gari mai nisa, kuma tun a lokacin ta so tafiya da Mama. Baba ya ce sai dai a haɗa da gawarsa. Aka tsaya a kan cewa muddin yana iya kula da ita, yana yi mata wanka da ruwan ɗumi kowace safiya kamar yadda likita ya ce, za a bar masa matarsa. Ran da ya gaza, a zo a ɗauke ta.

To, Baba irin mutanen nan ne da in an ɗinka musu sabuwar riga sai su ninke ta a ƙasan akwati, su ci gaba da sa tsumma. Haka ya yi wa hitar. Yana da ƙarfinsa a lokacin, sai ya riƙa dafa ruwa a kicin yana ɗaukowa, ita kuwa ya ajiye ta don ranar da gwiwoyi za su ƙi. Gwiwoyin suka ƙi, ya koma mata, ta yi masa 'yan makonni ta mutu. Ya ɗauki takardar garanti a cikin leda ya shiga mota har shagon da aka saya. Mai shagon ya duba ya ce ai wa'adi ya cika tun watan jiya. Baba ya rantse masa cewa wankan da aka yi da ita bai taka kara ya karya ba, sabuwa ce fil.

"Baba, garanti ba wanka yake ƙirgawa ba," in ji mai shagon. "Kwana yake ƙirgawa."

Daga baya Injiniya ya ƙara masa da cewa ajiyar ce ma ta cinye ta, ruwan da ya kwanta ciki ba motsi shi ya haifi tsatsar. Baba ya yi dariyar da ta fi kuka ciwo, ya ce ashe har tattali ma laifi ne.

Dabarar ta yi aiki. In 'yar ta kira ta bidiyo tana tambayar wankan Mama, sai ya ja ƙafa zuwa banɗaki ya danna makunni ya nuna mata. Ta ga ja, hankalinta ya kwanta.

Injiniya kuwa ɗakinsa na ƙarƙashin nasu, kowace safiya yana jin gaskiyar maganar a saman kansa: a ja ƙafa, a dire tukunya, a huta, a sake ja. Matarsa ta ce masa wannan tsohon wata rana sai ya ƙona kansa. Ya ce mata ta ji da abin da ke gabanta.

Wata safiya sai ga ƙara, kamar an jefar da kwano daga sama. Ya haura a guje. Baba na zaune dirshan a lungun da ke tsakanin kicin da banɗaki, tururi na tashi daga siminti, fatar ƙafarsa ta dama ta saɓule kamar rigar da aka cire. Daga ɗaki Mama na kira da harshenta mai nauyi.

"Murfi ne ya faɗi, tsohuwa," in ji Baba, muryarsa ko rawa ba ta yi. "Kwanta abinki."

Injiniya ya ce asibiti. Baba ya ce in ya je za su riƙe shi, mai ciwon suga ba a sallamarsa da wuri, in kuwa aka riƙe shi magana ta ƙare. Ya shafa man goge baki a wurin, ya ɗaure da tsohon ɗankwali, ya zura safa. Kwanakin farko Injiniya ne ke hawa ya ɗauki tukunyar. Sai ya samu aikin jan waya a wani sabon gini a bayan gari, yana fita tun da duhu, ya ce wa kansa ai tsohon ya ji sauƙi.

Ashe bai ji sauƙin ba. Da Injiniya ya sake hawa, tun daga matakala wari ya tare shi. Lambar 'yar na cikin wayarsa, ya sha ciro ta ya kalla ya mayar aljihu. In ya kira, me zai ce game da fitilar? Hannunsa ne ya haɗa ta. Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Sai da zazzaɓi ya sa Baba kiran sunayen garuruwan da ya bi da mota, sannan Injiniya ya goya shi ya sauko da shi, aka tsayar da tasi. Likita ya kwance ɗankwalin, ya dubi Injiniya, ya tambaye shi ina suke tun tuni. A nan ne aka kira 'yar. Tana hanya Baba ya farfaɗo na ɗan lokaci, ya kamo hannun rigar Injiniya.

"Wa ya yi mata wanka yau?"

"Matata, Baba."

"Ka ce ta gwada ruwan da gwiwar hannu. Ita tsohuwar ba ta jin zafi a wancan ɓarin, ba za ta faɗa ba."

Daga nan bai sake farfaɗowa ba. 'Yar ta iso ta tarar an rufe masa fuska.

Washegarin jana'iza ta shiga banɗaki za ta yi wa mahaifiyarta wanka. Ta danna makunni, fitila ta kama, ta jira, ta buɗe famfo, ruwa sanyi ƙalau. Ta aika a kira Injiniya ya duba. Ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, bai ko ɗauko kayan aiki ba, ya gaya mata komai yana kallon ƙasa. Ya zaci za ta zage shi, da ma hakan ya fi masa sauƙi. Ta daɗe hannunta na ƙarƙashin famfon.

"Ya biya ka?" ta ce.

"Ya biya."

"To madalla. Baba ba ya son kwana da hakkin mutum."

Ta kashe famfon ta wuce kicin ta ɗora tukunya.

In ana zancen riba, mai shago ya samu, don a wajensa 'yar ta sayi sabuwar hitar da za ta kafa wa Mama a gidanta. Mai gidan haya ya samu, ya yi fenti ya ƙara kuɗi. Injiniya ya samu sifanun da ba a ƙera irinsu yanzu. Baba ya ba da ƙafarsa da ransa don kada a ɗauke masa mata, aka kuma ɗauke ta. Amma wadda ta fi kowa hasara ba a ma sa ta cikin cinikin ba. A kujerar roba aka sauko da ita, Injiniya na riƙe da gefe ɗaya, mijin 'yar na riƙe da ɗayan. Da baya suka juya ta don kada ta zamo, fuskarta na duban sama. Ta zuba wa ƙofar ɗakinsu ido, har matakalar ta karya kwana.