Igwar Direba

"A hankali, Mai Hoto! Ba buhun siminti ka ɗauko ba."

Ina tsakiyar matakalar bene, rungume da ƙarfen nan mai ƙafa uku da ake kafa madubin hangen nesa a kai, gumi na shiga min ido, shi kuma Direba yana zaune a ƙasa kan kujerar roba, da bargo a cinya, yana ba ni umarni. Na so in ce masa ya taso ya ɗauka da kansa. Sai na tuna likita ya hana shi hawan bene, na haɗiye maganata na ƙarasa sama.

Direba maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba gidansa da shagona. A jan babbar mota ya ƙare ƙarfinsa, da ciwon zuciya ya sauke shi daga sitiyari sai ya rasa abin yi. Ni kuwa tun kafin a haifi 'yarsa, wadda yanzu nas ce har kowa Nas yake ce mata, nake ɗaukar hoto a layinmu. Babu falon da za ka shiga ba ka ga aikina a bango ba, kuma in ka juya bayan kowanne za ka tarar da hatimin shagona, shuɗi, a kusurwar dama. Ko hoton fasfo ba ya barin hannuna sai na buga masa. In aka ce Mai Hoto a layin nan, mutum ɗaya ake nufi.

Ranar da aka sauke masa wani dogon kwali ina tsaye a ƙofar shago. Ya zaro madubin hangen nesa, fari, mai kauri kamar bututun ruwa.

"Wa za ka harba da igwa, Direba?"

"Taurari zan ɗauka."

"Ga su nan kyauta, kowa na gani."

"Ba waɗannan ba. Na bayansu, waɗanda ido ba ya kaiwa."

Hotunansa na farko sun yi min daɗi ƙwarai. Ya kawo min su a waya yana sosa ƙeya, taurarin duk sun miƙe kamar tsutsotsi. Na ba shi shawara irin ta manya, na ce kowa ya tsaya a sana'ar da ya sani. Bai ji haushi ba, wannan ma ya ƙara ba ni haushi. Ya koma ya duƙufa a kan waya yana koyo. Ya gano sama tafiya take yi, ya samo ɗan injin da ke juya igwar sannu a hankali tana bin taurari. Ya koyi jiran lokacin da babu farin wata. Ya koyi cewa hoto ɗaya ba ya isa, sai an ɗauki abu guda sau da yawa, kowane ɗauka a bar idon kyamara a buɗe na tsawon lokaci, sannan kwamfuta ta ɗora su kan juna har hasken ya taru.

Wata safiya na ga mutane sun yi cincirindo a ƙofar gidansa, ana miƙa waya hannu zuwa hannu. Wani jan gajimare ne ya ɗauko daga tsakanin taurari. Na leƙa, na ce ba laifi, na koma shago na kasa cin abinci. Kafin mako ya zagayo an fara ce masa Mai Hoton Sama. Ni kuma wani mara kunya ya zo yin fasfo ya kira ni Mai Hoton Ƙasa.

Wadda ta fi ƙona min rai ita ce matata. Na ɗauki wayarta zan duba lokaci, sai na ga jan gajimaren nan a fuskar wayar, inda a da hoton jikarmu yake, wanda ni na ɗauka.

"Ina yarinyar ta tafi?"

"Tana ciki mana, maigida. Wannan ɗin ne dai, in na kalle shi sai in ji zuciyata ta yi sanyi."

Shekara da shekaru ina ɗaukar ta hoto, ba ta taɓa cewa ko ɗaya ya sanyaya mata zuciya ba. Abin da nake ji kullum shi ne na fito mata da hanci.

Shi ya sa da jikinsa ya tsananta, Nas ta zo shago ta durƙusa ta ce, "Baba Mai Hoto, Baba na roƙon wata alfarma," na amsa da sauri. Ba tausayi kaɗai ya kai ni ba. So nake in ga yadda ake yin abin.

Wani curin taurari yake bi, mai nisan gaske, wanda a hoto ɗaya bai fi ɗigon toka ba. Ya fara tara shi ciwo ya kayar da shi, kuma ya ce in aka yi jinkiri curin zai gangara bayan tankin ruwan maƙwabta, sai baɗi. Ni da shi duk mun san zancen baɗi babu shi.

Haka na zama ƙafafunsa. In duhu ya yi in hau da kaya, in kafa, in saita, shi yana kwance a ɗakinsa da kwamfutar Nas a gefen gado, wayata a buɗe a aljihun riga muryarsa na fitowa.

"Taurarin sun yi ƙiba, Mai Hoto. Murɗa kaɗan."

"Ni za ka koya wa saita ido?"

"Murɗa dai."

In murɗa, su tsuke su yi kyau, in ji kamar in wurga wayar ƙasa. Sauro ya ci ni, bayana ya riƙe, da rana ina gyangyaɗi a gaban masu zuwa hoto.

A daren ƙarshe muryarsa ta yi ƙasa sosai. Da curin ya kusa taɓa tankin sai ya ce, "Ya isa. Yanzu rufe wa kyamarar baki da murfi, ka ci gaba da ɗauka."

Na tsaya. Na ɗauka ciwon ne ya taɓa kansa.

"Da murfi? Direba, ko ɗan koyo na kama yana haka, korar sa zan yi."

"Kyamara ma tana da nata dattin. In ta yi zafi sai ta riƙa zuba ɗige-ɗige na ƙarya. In ka rufe ta, duk abin da ya fito nata ne, ba na sama ba. Kwamfuta sai ta gane shi ta cire." Ya huta, sannan ya ƙara da cewa, "Waɗannan baƙaƙen hotunan kam kana iya buga musu hatiminka."

Ya yi dariya har ta koma tari. Ni ban yi ba. Rayuwata duka ina riƙe da kyamara, sai direban mota ne zai gaya min abin da ke cikinta.

Na rufe murfin na zauna a kan bulo. Kyamara ta yi ƙas, ta yi shiru, ta sake yin ƙas. A aljihuna ina jin numfashinsa yana shiga yana fita. Ina can ina shirya baƙar maganar da zan rama da ita da safe, ban lura da lokacin da numfashin ya ɗauke ba. Muryar Nas na ji: "Baba? Baba!"

Na sauko a guje, na bar kyamarar tana ta ɗaukar duhu.

Bayan masu gaisuwa sun ragu, Nas ta kawo kwamfutar shago. Ya riga ya nuna mata inda za ta danna. Muka zuba na saman, muka zuba baƙaƙen, muka jira. Abin da ya fito ya sa na zauna. Ɗigon tokar nan ya zama faifai mai murɗaɗɗun hannuwa, tsakiyarsa ruwan zinariya, gefensa shuɗi, bayansa baƙi wuluk babu ɗigon datti. Nas ta rufe fuska da mayafi. Ni kuma na san tunda na buɗe shagon nan hoto irin wannan bai taɓa shigowa ba.

Kafin yamma ya zagaye layi. Kowa cewa yake, "Aikin marigayi na ƙarshe. Yana kwance fa ya ɗauke shi!"

"Yana kwance," na ce wa matata. "Wa ya hau benen? Wa sauro ya ci? Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi."

Ta dube ni. "Maigida, da mamaci kake kishi?"

"Da shi nake."

Ta tura min kofin ruwa.

Nas ta ce in wanke mata babba, za ta rataye a falo. Na sa takarda mafi kyau da nake da ita. Da ya bushe na kife shi a kan tebur, na jawo hatimi na shafa masa tawada. Yatsana ne ya danna kusan duk abin da ke cikin hoton nan. In na buga, babu mai ce min don me, kuma duk wanda ya juya bayansa, ko bayan raina ne, sunan shagona zai gani. Na gwada a kan tsohuwar jarida kamar yadda na saba, ya fito raɗau.

Na ɗaga hannu a kan kusurwar dama. Sai na ji kamar muryar nan daga aljihu tana cewa in murɗa kaɗan. Na daɗe a haka har tawadar ta fara bushewa.

Na ajiye hatimin ban buga ba, na ɗora katakon bayan firam, na lanƙwasa ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya. Nas ta zo ta rungume shi ta fita, ina jin mata a waje suna cewa ta tsaya su gani. A kan tebur jaridar na nan, da hatimin shagona shuɗi a gefen wani tsohon labari.