Kabarin Bayan Waya

Asabe ta san wannan ƙeyar. Ko cikin dubu aka jera ta za ta fid da ita. Ga ta nan a bencin gaba na coci, cikin masu koyon katikisim, karatun shirin baftisma, mai ita ya sunkuyar da kai kamar na Allah.

Kofur Jatau ne. Tun da soja suka miƙa wa farar hula mulki aka sallame shi, ya tuɓe kaki ya sa kaftani, yanzu wai baftisma yake nema.

Shi ne ya tsare ta a Ƙofar Kwaya wata Asabar ta tsaftar gari, lokacin da ba mai fita sai an gama shara. Tana ɗanyen jego, ta rungumo jaririnta Ɗanliti, shawara ta mai da shi rawaya har cikin ido. Asibiti sun ce sai addu'a, shi ya sa ta nufi wurin Fada, limamin cocinsu, a yi masa baftisma tun yana numfashi. Ta roƙi Kofur, ta buɗe masa zane ya gani. Ya nuna mata bakin kwata da bulala ya ce ta durƙusa. A durƙushen yaron ya yi sanyi a hannunta.

Da aka je maƙabartar Kirista da ke bayan gari, Malam Istifanus katikis, mai koyar da katikisim, ya ce a haƙa a bayan wayar da aka kewaye maƙabartar da ita. Cikin waya na waɗanda aka wanke ne daga zunubin asali. Tun ranar ɗanta yake can waje, inda awaki ke bi ta kansa.

Ana tashi daga coci ta tare katikis a bakin ƙofa. Ko gaisuwar ba ta bari ta yi tsawo ba.

"Malam, wancan mutumin za ku yi ma baftisma?"

"Ran Lahadi mai zuwa, in Ubangiji ya yarda. Ya tuba, Maman Lami."

"In an zuba mashi ruwan, mi ya rage a kanshi?"

"Ba abin da ya rage. Zunubin gado da na hannunsa, duk jinin Yesu ya biya."

"In ya mutu fa?"

Malam Istifanus ya gane inda ta dosa, ya shiga gyaran hula. "Cikin waya."

"To hwaɗa mani abin da Ɗanliti ya yi."

"Ba shi ya yi ba. Daga Adamu muka gado, dukanmu."

"Adamu ya ci abinshi a lambu, ɗana ko nono bai ƙoshi ba. Wanda ya hana shi ruwan kuma ku za ku ba shi ruwan. A maido mani ɗana ciki kahin Lahadi."

Ya ce ba a tone kabari. Ya ce ƙa'ida ce ya tarar. Fada ma da ta same shi, cewa ya yi rahamar Allah ta fi waya faɗi, ta kwantar da hankalinta, za a duba a kwamiti. Kwamiti dai. Ita da ta binne ɗa ake ce wa kwamiti.

Abin da ya ƙarasa ta shi ne Jatau kansa. An gaya masa, sai ga shi har ƙofar gidanta da yamma, ya zube ƙasa.

"Baba, ki yafe mani. Wallahi ban tuna ki ba. Mutanen da na tsare suna da yawa."

Ita kullum da fuskarsa take kwana take tashi, shi ko ranar bai riƙe ba. Ta ji kamar ta kwara masa tafasasshen man ƙosai. Ta shige ta ja ƙyaure.

Ran Lahadi matan zumuntar coci suka yi anko suka nufi coci. Asabe ta ɗaura tsohon zane, ta saɓi diga, ta hau acaɓa zuwa maƙabarta.

Ba ta taɓa kabarin ba. Turakun wayar ta fuskanta. Ƙasar ta jiƙu da ruwan farkon damina, duk da haka turken farko sai da ya fasa mata tafin hannu. Ta tumɓuke shi, ta ja shi baya, wayar na yagar mata zane. Da ta zo kafawa sai ta ga ba yadda za ta shigar da Ɗanliti ta bar na kusa da shi. Ƙananan tudu ne a jere, ba gicciye, ba suna, 'ya'yan matan da take zama benci ɗaya da su. Ranta ya ƙara ɓaci. Ta wuce da turken har bayan na ƙarshe.

Rana ta take tsaka tana kan turke na uku ta ji takun mutum. Jatau ne cikin fararen kaya, an gama yi masa baftisma, goshinsa na ƙyallin man da aka shafa masa. Ya tsaya yana kallon ƙananan kaburburan. Sai ya naɗe hannun riga, ya kama turken zai taya ta.

"Cire hannunka," in ji Asabe.

"Baba, ki bari in..."

"An wanke ka, na ji, ban hana ba. Wurinka na nan ciki yana jiranka. Amma ba kai za ka shigar da shi ba."

Ya saki. Ta ɗaga digar da hannunta mai jini ta ci gaba da haƙa.