Naƙuda a Ƙasan Jeri

Oga ya shigo ofishin da waya a hannu, fuska a murtuke. Asibitin da suka yi wa manhajar layin marasa lafiya ne ya kira: allo ya ajiye wata mai naƙuda a bayan masu mura. Allah ya sa nas ta lura, ta shigar da ita.

"Injiniya, wannan tsarin naki ne ya jawo mana," in ji shi. "In laifinsa ne, mun koma rubutu da hannu."

Injiniya, babbar masu rubuta manhajar, ta cire tabarau ta murza ido. Ita ta kawo tsarin. A da, duk nau'in bayanin da suka ƙirƙira sai sun zauna sun rubuta masa yadda za a kwatanta shi, a jera shi, a adana shi, abu ɗaya kullum har wuyan hannu ya yi tsami. Yanzu fasalin nau'in kawai suke bayyanawa, kwamfuta ta fitar da sauran da kanta.

Ta buɗe fasalin marasa lafiya. Tsanani a sama, sai matsakaici, sai sauƙi. Can ƙasa ga sabon layi: naƙuda.

"Dogo, kai ka ƙara wannan?"

Abokin aikin nata ya leƙo ta bayan allonsa, baki cike da biskit. "Ni ne, Yaya. Ai sabon zuwa a baya yake tsayawa. Ko a tasha haka ne."

"To haka ita ma kwamfutar ta ɗauka. Na saman fasali gaban layi, na ƙasa baya. Ina ta san naƙuda, balle ta tausaya?"

Ta mayar da layin sama, ta gwada. Mai naƙuda ta wuce gaban kowa.

"Oga, ka gani. Abin da aka gaya mata ta yi."

"Shi ne abin da ya tsorata ni. Da a ce da hannu ne, da sai Dogo ya rubuta cewa mura ta fi naƙuda, ya gani da idonsa, ya ji kunya ya gyara. A cire tsarin."

Tana da amsa, amma doguwa ce, Oga kuwa har ya kai ƙofa.

Dogo ya haɗiye biskit da ƙyar. "Duka nau'ukan, Yaya?"

"Duka. Jawo kujerarka."

Ta buɗe shafi fari fat, ta miƙe yatsunta, ta soma bugawa.