Inna Turai a Bakin Tiga

Tun ana saura mako guda Babbar Sallah Garzali yake shirin fita da mahaifiyarsa. Shi malamin firamare ne a Tudun Wada, kuma a shekarar nan ta 1976 samari ba su da hira sai ta kwalekwale mai inji da ake zagayawa da mutane a dam ɗin Tiga. Inna Turai kuwa, tun da ruwa ya ci ƙauyensu aka tashe su, ba ta fita sai suna ko ta'aziyya. Garzali yana ganin zaman ya yi mata yawa.

Ranar Sallah ya ce mata, "Inna, gobe ki shirya mu je ki ga ruwa."

"Ruwa? Ga shi nan cike da randa."

"Ki dai daure, Inna."

Washegarin Sallah ta yafa mayafinta suka shiga akori-kura.

Bakin dam ya cika maƙil. 'Yan birni sun shimfiɗa tabarmi, rediyo na tashi, mai hoto sai kiran mutane yake yi. Garzali bakinsa ya ƙi rufuwa. Inna ta dubi kwalekwalen sau ɗaya ta ce ita ba ta hawa abin da yake rawa a ƙarƙashinta.

"Kai je ka. Ina nan gindin marken nan."

Ya hau. Iska ta cika masa riga, ya yi ta ihu tare da sauran samari. Da suka dawo ya nufi gindin marke, bai tarar da kowa ba.

Da farko bai damu ba. Ya zagaya wajen masu rake, ya leƙa inda mata suke alwala, ya dawo. Shiru. Ya tambayi wani masunci da yake ɗinkin koma.

"Tsohuwa mai baƙin mayafi? Na ga ta gangara can bayan duwatsu, wajen ruwa."

Sai a lokacin ya tuna cewa kabarin mahaifinsa yana ƙarƙashin ruwan nan, da ɗakin da aka haife shi. Shi kuma ya kwaso ta ya kawo ta wai ta yi nishaɗi! Ya tattare rigarsa ya ruga, yana tuntuɓe yana salati, idonsa na kan ruwa.

Dariya ya fara ji kafin ya ga kowa. Ya tsaya cak, don ya san dariyar, ko da yake an jima bai ji ta ba.

A bayan duwatsun akwai rumfar masu suyar kifi. Inna tana zaune a kan turmi, ta ɗaure mayafin a ƙugu, tana juya karfasa a kasko. Kusa da ita wata dattijuwa tana share hawayen dariya.

"Garzali, ba ka gane Baturiya ba? Ita fa ta yanke maka cibiya!"

Maƙwabciyarsu ce a tsohon ƙauye. Da aka tashi ƙauyen, su Baturiya an kai su wajen Bebeji, shekara huɗu ba wanda ya ji ɗuriyar wani.

Ya durƙusa ya gaishe ta.

"Inna, kin tayar mini da hankali."

"Don me? Muryarta na jiyo tana talla, na biyo. Ka gama hawan naka?"

"Na gama."

"To zauna. Ba mu ma kai kan gidan Mainasara ba, an ce 'yarsa ta haifi tagwaye."

Baturiya ta zuba masa kifi da yaji a faranti. Ya zauna yana ci, su kuma suna bin ƙauyen gida gida, wa ya rasu, wa ya yi aure, wa ya koma Kiru. Da la'asar direban akori-kura ya yi ta danna oda a kan tudu. Inna ko juyawa ba ta yi ba.

"Je ka ce masa ya tafi. Nan zan kwana biyu, jibi ka zo ka ɗauke ni."